Gonar Fadama da Gonar Tudu: Jawabi a Taron Shekara na 'Yan Asalin Kanya



Duk inda aka ambaci Jihar Kebbi a maganar noma, shinkafa ake nufi. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Wannan alheri ne, amma akasarinsa a kwarin Gulbin Rima ya sauka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manomin Argungu ko Suru yana haƙa rijiyar burtsatse mai gajeren zurfi a fadama, ya sa injin ban ruwa, ya girbe gona ɗaya da damina da rani, ga mai saye kusa da shi. Mu a ƙasar Zuru mun fi su samun ruwan sama, amma gonakinmu na tudu ne. Sau ɗaya muke girbin dawa da masara, sa'an nan gona ta kwanta har wata damina. In amfaninmu ya ƙaru, galibi sabon daji muka sheme, ba kadada ce ta ƙara yabanya ba. Ga ƙuduji yana shanye dawa a ƙasar da ta gaji.

Yanzu ko dajin ma ba ya shiguwa. Ba mu manta harin da aka kai wa ayarin Mataimakin Gwamna a nan Kanya a watan Maris na 2022 ba, kuma gonakin nesa da yawa an bar su. Saboda haka dole ƙaramar gonar bayan gari ta ciyar da gidan da a dā manyan gonaki suke ciyarwa.

Abin da muke roƙon ƙungiya shi ne ta ware wani kaso na kuɗin shekara ta sayi ingantaccen irin masara da dawa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, tare da taki, tun kafin ruwan farko. Takin da ya iso bayan masara ta yi bunni asarar kuɗi ne. A ƙarfafa wa manoma karɓa-karɓa da waken suya, don yana gyara ƙasa, yana rage ƙuduji. Kwamitin noma kuma ya nemi Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ta buɗe gonar gwaji a garin nan kafin damina mai zuwa.