Waƙar Yabo a Ruga da Bakin Iyaka

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa makiyaya da ke mashekari, da fatake masu bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, da na Illela zuwa Birnin Ƙonni, da masu cin kasuwar dabbobi ta Maigatari. Yau maganarmu a kan waƙar yabon Ubangiji ce, da inda take fitowa.

Makiyayi ya san saniyar da ba ta ƙoshi ba ba ta cika ƙwarya, ko ka kwana kana tatsa. Amma in ta samu ciyawa da ruwa, hantsarta ta cika, da ka taɓa sai nono. To, haka waƙar mai bi take. Cikar zuciya ce ke kawo ta, daɗin murya kuwa ƙari ne kawai.

Manzo Bulus ya rubuta wa masu bi na Afisa a kan wannan, a sura ta 5 ta wasiƙarsa. Afisa babban garin kasuwanci ne a bakin teku, cikin ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, mutanensa sun san riba, sun san asara. Ya gargaɗe su kada su nemi cika cikinsu da giya, su nemi cika da Ruhu Mai Tsarki, daga nan zabura da waƙoƙi da godiya za su fito. Kun ga hikimar? Zuciya ba ta zama wayam. In gajiya da damuwa suka taru, wani burkutu yake nema, wani tiramol. Su ɗauke masa hankali na 'yan sa'o'i, gari ya waye ga bashin nan, ga ciwon kai, kuɗin cefane kuma sun tafi.

Wani zai ce, "Malam, ta yaya zan yi waƙa alhali kayana sun kwana bakwai a bakin iyaka?" Tambaya ce mai nauyi. Waɗanda suka ga rufe iyaka a 2019, da kuma ta 2023, sun san yadda albasa ke ruɓewa a mota, jari ya narke ana kallo. Amma ku tuna da Bulus da Sila a Filibi. An yi musu bulala, an jefa su can cikin kurkuku, an sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare sai ga su suna addu'a suna yabon Allah, sauran fursunoni na saurare. Lura fa, sun fara waƙar tun ƙofa tana kulle. Kafin gari ya waye, mai tsaron kurkukun da iyalinsa sun ba da gaskiya. Gidan da suka nufa bayan an sake su kuwa na Lidiya ne, 'yar kasuwa mai sayar da tufafin shunayya, wadda ta zo daga Tayatira. Ita ma baƙuwa ce mai neman abinci a garin wasu, kamar ku.

Ku kuma makiyaya, wannan gadonku ne. Dawuda kiwon tumakin mahaifinsa yake yi a Baitalami kafin ya hau sarauta, kuma da yawa cikin zabura 150 da muke da su suna ɗauke da sunansa. Ba sai da majami'a ko ganga ba. Ƙarƙashin gawo ma wurin sujada ne.

Sai dai akwai kashedi, daga bakin wani makiyayin, Annabi Amos na Tekowa. Ya shaida wa mutanensa Allah ba ya sauraron waƙoƙinsu, domin suna rage mudu, suna ha'inci a ma'auni, suna danne talaka. Saboda haka, ɗan'uwa, in ka zuba ruwa a madara, ko ka ɓoye ciwon sa ka sayar, ko ka kora garke cikin gonar wani da dare, gyara wannan tukuna. Ruhu ba ya zama tare da cuta.

Yaya zuciya ke cika? Da asuba, kafin a saki dabbobi ko a ɗaure kaya, ka ɗauki ɗan lokaci ka yi addu'a. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. In ba ka iya karatu ba, sa a ɗora maka na saurare a waya. Riƙe aya ɗaya ka yini kana tuƙa ta kamar yadda saniya ke tuƙa. Yafe wa wanda ya cuce ka. In kun haɗu ku biyu ko uku a tasha, ku rera tare, amma da ladabi, kada ku dami maƙwabci da ke salla ko barci.

Allah ya tsare garkenku, ya sa albarka a cinikinku, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.