Ruwan Kwata Bai San Iyakar Tarauni Ba

 Yau Babban Giji muka nufa, a ƙaramar hukumar Tarauni, kuma maganar shara da magudanan ruwa ce ta kai mu.

Ku leƙa bakin kwalbati ranar da aka tafka ruwan sama. Ledar fiyawata, robar lemo, tsumma, duk sun cushe hanya, ruwa ya juyo ya faɗa zauren mutane. Mai gidan zai rantse maka rabin tarkacen nan ba na layinsu ba ne. Kuma gaskiyarsa. Tarauni tana iyaka da Nasarawa da Kumbotso da ƙaramar hukumar Birni, abin da aka watsar a can, nan yake kwana.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi. To, amma birnin Kano guda takwas ne suka raba shi: waɗannan huɗun, da Fagge, Dala, Gwale da Ungogo. Kusan duk abin da ya haɗa su, daga sama yake zuwa. Jiha ce ke da hukumar kwashe shara ta REMASAB, ita ke sa ranar tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen wata, kuɗin ƙananan hukumomin ma ta asusun haɗin gwiwa ya saba biyowa.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. An yi murna, ko da yake aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Ni dai fargabata ita ce kowane ciyaman ya sayi tifarsa, ya rubuta sunansa a jiki, sannan a rasa inda za a juye. Tarauni ta cika ta batse da gidaje, wanda ya san jujin Court Road a Gyadi-Gyadi ya san abin da zama kusa da bola yake nufi. Fili sai Kumbotso da Ungogo. Me zai hana a zauna a rubuta: wannan ta ba da fili, waccan ta kawo katafila, a raba kuɗin mai da na leburori gwargwadon sharar kowa?

Malam, Hajiya, in kun haɗu da kansilanku, ku tambaye shi wa zai yashe kwatar da ta ratso iyaka kafin damina ta faɗi.