Jawabi Ga Iyaye A Unguwar Bolewa, Potiskum: Ciki A Ƙuruciya

Jama'a, iyaye maza da mata, maganar yau ta 'ya'ya mata ce.

Binciken lafiya na ƙasa ya nuna cewa a 2013, kashi 23 cikin 100 na 'yan matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. A 2018 adadin ya sauko zuwa kashi 19, amma Arewa ta fi Kudu nesa ba kusa ba. Galibin irin wannan ciki a ƙasar Yobe na aure ne. Yarinyar da ƙugunta bai ƙosa ba takan sha doguwar naƙuda, ta ƙare da yoyon fitsari.

Wadda kuwa ta yi cikin ba aure, kunya kan kai ta ga masu zubarwa a ɓoye. An ƙiyasta ciki miliyan 1.25 aka zubar a Nijeriya a 2012, alhali doka ta hana, sai don ceton ran uwa. Jini kan ɓalle, wata ta rasu.

Saboda haka iyaye su bar yarinya ta gama makaranta. Mai ciki a kai ta awo da wuri, wadda jini ya ɓalle mata a garzaya da ita asibiti, ba tare da tsangwama ba. Allah ya kiyaye zuriya.