Murɗaɗɗen Zobe a Sha'anin Lantarki



Duk wanda ya taɓa leƙa cikin akwatin rediyo ya ga waɗansu 'yan ƙananan abubuwa da ake kira rizista, waɗanda aikinsu shi ne rage yawan wutar da ke bi ta cikinsu. Akwai irin wanda ake yi da siririyar waya, a naɗe ta a jikin tangaran kamar zare a jikin mazari. To, a nan gizo ke saƙa. Kowace waya da wuta ke bi tana haifar da maganaɗisu a kewayenta, naɗi kuwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Idan wutar tana kai da komowa sau miliyoyi a daƙiƙa, kamar a na'urar hangen jiragen sama, sai maganaɗisun nan ya riƙa jinkirta ta, saƙo ya gurɓace.

Ɗaya daga cikin dabarun magance wannan ta samo asali daga ilmin lissafi. A 1858 wani Bajamushe, August Möbius, ya lura cewa in aka ɗauki tsirin takarda, aka juya bakinta ɗaya, sa'an nan aka liƙa bakunan biyu, za a sami zobe mai fuska ɗaya tak. Tururuwa za ta zagaye ciki da waje ba tare da ta ƙetare gefe ba.

A 1966 Richard Davis, na ɗakin binciken Sandia a Amurka, ya sami rajistar rizista mai wannan siffa. Ya haɗa falle biyu na ƙarfe, ya raba su da abin da wuta ba ta ratsawa, ya murɗa, ya liƙa, kana ya jona wayoyi biyu a wuri guda, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Da wuta ta shiga sai ta rabu biyu. A ko'ina cikin zoben, ta sama ta nufi gabas, ta ƙasa ta nufi yamma, maganaɗisun wannan ya kashe na waccan.

Ba wani tsafi a cikin murɗin. Sirrin shi ne kusantar igiyoyin wuta biyu masu saɓa wa juna. Dabara mai kama da wannan ce ta sa Alexander Graham Bell ya murɗa wayoyin tarho bibbiyu a 1881, kuma har yau haka ake murɗa wayoyin da ke haɗa kwamfutoci.

Saboda haka ɗalibi mai zana na'ura, da ma'aikaci mai sayo wa hukuma kayan lantarki, kada su tsaya ga lambar da aka rubuta a jikin kaya kaɗai. Rizista biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta wurin aiki, domin siffa ma ɓangare ce ta aikin.