Kashi na 17: Jirgin da ya ƙi karkata

Yau ba maganar katin zaɓe zan yi ba, ba kuma kuɗin makaranta ba. Maganar abin wasa na zo da ita, kuma na san tun yanzu wani ya fara murguɗa baki. Ku dai ba ni minti goma.

Akwai wani ƙanena a unguwarmu nan Karofi, ɗan shekara sha uku. Irin yaran nan ne da in ka yar da gwangwanin madara da safe, kafin la'asar ya zama mota. Kwanaki ya karɓi wayata, ya ci karo da bidiyon wasu Turawa suna buga wani wasa a kan tebur da 'yan ƙananan jiragen sama jannati. Sunan wasan X-Wing. Wani kamfani a Amurka, Fantasy Flight Games, ya fito da shi a 2012, daga jiragen fim ɗin Star Wars. Filin wasan ƙafa uku ne tsawo, ƙafa uku faɗi. Kowane jirgi yana kan wani siririn turke na roba, turken kuma yana kafe a kan mazauni mai kusurwa huɗu, na ƙananan jirage milimita 40 ne kowane gefe. Kuɗin akwati ɗaya ba na talaka ba ne, don haka yaron bai ma tambaya ba. Sai ya nemo kara da gwangwani da murafen kwalba, ya ƙera jirage shida, ya kafa su a kan wayar tayar keke, shi da abokansa suka tsara tasu dokar.

Sai ga shi wata rana ya zo mini rai a ɓace. Ya ce, "Yaya, nawa a sandare suke kamar an shanya kifi. Na Turawan nan suna karkata." Na sake duba bidiyon, wallahi gaskiyarsa. Wani jirgin ya kwanta gefe kamar ɗan acaɓa zai sha kwana, wani ya ɗaga hanci. Ashe ba haka kamfanin ke sayar da su ba. Masu wasan ne da kansu suke gyara turken.

Da farko mun bi hanyar da kowa zai bi, muka lanƙwasa wayar. Ya karkata kam, amma gefe ɗaya har abada. In kana so ya juya hagu sai ka sake lanƙwasawa, kuma kun san halin waya, lanƙwasa biyar shida ta karye. Jirage biyu muka ɓata a haka.

Dabarar da masu wasan ke amfani da ita mai sauƙi ce: ƙwallon ƙarfe da maganaɗisu mai rami a tsakiya, kamar zobe. Ka manna ƙwallon a kan turke, ka manna zoben a cikin jirgin. Ƙwallon zai zauna a ramin, jirgin ya juya duk inda ka so, ya kuma tsaya a inda ka bar shi, kamar dai yadda kafaɗarka take. Su suna yin odar kayan ta intanet. Mu kuwa ranar kasuwa muka shiga Dutsin-Ma, wajen wani dattijo mai gyaran keke. Na ce, "Baba, 'ya'yan boris muke so, tsofaffi." Ya dube ni, ya dubi yaron, ya ɗebo mana cikin tafin hannu, ya ce mu je kawai. Maganaɗisun kuma daga matattun iyafis muka ciro. In ka fasa, za ka ga ɗan mitsitsin zobe, amma ƙarfinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba.

To, nan ne aikin ya fara. Mun manna da Araldite, muka ɗora jirgin, sai ya sunkuyar da kai ƙasa kamar mai jin kunya. Muka ɗaga, ya sake sunkuyawa. Ni da digirina na tsaya ina cewa maganaɗisun ne ba shi da ƙarfi. Yaron bai ce komai ba. Ya ɗauki jirgin ya ɗora a kan bakin fensir, yana matsar da shi kaɗan-kaɗan, har ya sami wurin da ya tsaya bai rinjaya gaba ko baya ba. Ya diga alama da biro. Ya ce, "A nan ya kamata mu sa, Yaya. Mun sa shi can baya, shi ya sa kan ya fi nauyi." Jama'a, wannan shi ne abin da aka koya mana a darasin fiziks, tsakiyar nauyi, muka haddace muka rubuta a jarrabawa muka manta. Shi ba wanda ya taɓa gaya masa sunan abin.

Bayan wannan sai matsala ta biyu: jirgi ya karkata, mazauni ya kife. Dalili ɗaya ne. In tsakiyar nauyin ta leƙa ta wuce gefen mazaunin, dole ya faɗi, kamar amalanken da aka yi wa lodi a gefe guda. Muka rage tsawon turken, muka manna wasa ta ƙarfe a ƙarƙashi, shi ke nan. Faɗaɗa mazaunin ya fi sauƙi, amma yaran suka ƙi, kuma sun yi daidai. A wasan, mazauni ake aunawa, ba jirgi ba, kamar yadda a dara rami ne ke ƙirga, ba tsawon itacenka ba. Hatta a dokar gasar X-Wing an yarda ka canza turke, ka ƙara nauyi, amma ban da taɓa girman mazauni. Jirgi mai nauyi kuma in yana zamewa, ku ɗan goge ƙwallon da sanfefa. Kada ku kusanta maganaɗisun da wuta ko dalma, zafi yana kashe masa ƙarfi.

Gargaɗi ɗaya, kuma ba da wasa nake ba. Ku ɓoye waɗannan 'yan maganaɗisun daga ƙannenku masu rarrafe. In yaro ya haɗiyi biyu, suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. Wannan maganar tiyata ce.

Da jirgin ya karkata, sai yaron ya jefo mini tambaya: me ya sa jirgi ke kwanciya in zai sha kwana? Fukafukai ne ke ɗaga shi sama. In ya karkata, wani ɓangare na ƙarfin ɗagawar sai ya koma gefe, ya ja shi cikin kwanar. Ku kalli shirwa in tana shawagi, haka take yi. Abin dariyar, a sararin samaniya babu iska, don haka kumbo na gaske ba ya buƙatar wannan kwanciyar. George Lucas ne ya kwaikwayi hotunan faɗan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da yake haɗa fim ɗinsa na 1977, don ya fi daɗin kallo. Da na gaya wa yaron, sai ya ce to nasa dai sai sun karkata.

Yanzu ga inda abin ya taɓa ni. Mahaifinsa ya tarar da kayan a zaure, ya tattara ya watsa a bola. Ya ce a wannan zamanin da mutum ba ya iya zuwa gonarsa ta nesa hankali kwance, yaro ya zauna yana wasa da gwangwani? Ban ga laifinsa ba, kun san halin da yankinmu ke ciki. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah a ba ni aron minti biyar." Na sa yaron ya nuna masa abin fensir ɗin, ya yi bayani da bakinsa. Baba ya daɗe bai ce uffan ba. Daga baya ya ce in dai an yi sallah a kan lokaci, an je Islamiyya, an ba dabbobi ruwa, to a yi.

Mu matasa muna da wata ɗabi'a. A 2007 da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda, duniya ta ɗauka, har yau ana yaɗa hoton a Facebook. Muna son ƙarshen labari. Amma yaron da ke matakin gwangwani, shi muke kora daga zaure. Ga jami'ar tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba daga nan, kuma ina da yaƙinin akwai ɗaliban kimiyya da za su iya ba da awa biyu ranar Asabar su zauna da irin waɗannan yaran. Ba sai an jira tallafi daga ko'ina ba. Duk abin da muka kashe, gam ne kawai muka saya.

Jirage huɗu muka tsinto daga bolar, biyu sun lotse. Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu gyara su, kuma duk mai mataccen iyafis a aljihu kada ya yar, ya kawo mana. Sai mun haɗu a kashi na gaba, a gaida gida.