Bayan Lasisi: Ina Sabon Matuƙin Jirgi Mai Saukar Ungulu Zai Dosa?

Laccar da aka gabatar wa iyaye da ɗalibai a Bolori, Maiduguri

Mutanen Maiduguri sun saba da rugugin jirgi mai saukar ungulu. Sojin sama suna da sansani a garin nan, kuma tun 2016 jiragen UNHAS, waɗanda Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke kula da su, suke kai ma'aikatan agaji Monguno, Dikwa, Ngala, Rann da Damasak. Ba abin mamaki ba ne yaro ya tashi da burin wannan sana'a. Maganata a yau ɗaya ce: lasisi kaɗai ba ya ba da aiki. Duk mai niyyar ɗaukar nauyin horon matuƙi, uba ne ko gwamnati, ya tsara aikin farko tun kafin ya biya kuɗin makaranta.

Dalilin yana cikin lissafin sa'o'i. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin sama ta duniya, sa'o'in tashi 150 sun isa a ba mutum lasisin tuƙi na kasuwanci, amma babban lasisin da kyaftin ke buƙata a jirgi mai matuƙa biyu sai an cika sa'o'i 1,000. Kamfanonin inshora ma ba sa yarda a damƙa wa sabon hannu jirgi mai tsada. Ba kowa ke iya hayar jirgi ya cike wannan giɓi daga aljihunsa ba, don haka amfanin aikin farko shi ne tara sa'o'i, albashi ya biyo baya. A Amurka an daɗe da share wannan hanya: wanda ya gama makaranta yakan zama malami a ƙaramin jirgi irin Robinson R22, daga nan ya koma jigilar 'yan yawon buɗe ido a Grand Canyon, sannan ya wuce aikin mai ko ɗaukar marasa lafiya.

Nijeriya ba ta da wannan tsani, domin makarantunmu kaɗan ne, yawon buɗe ido ta sama kuwa bai kafu ba. Manyan ƙofofinmu biyu ne. Ta farko aikin soja: a shiga NDA, makarantar horon hafsoshin soja ta Kaduna, a samu horo a makarantar sojin sama ta Enugu ko a ƙetare, gwamnati ta biya komai. Marigayiya Tolulope Arotile, wadda a 2019 ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar nan, ta NDA ta bi. Sai dai soja ya yi rantsuwa, inda aka tura shi nan zai je. Ta biyu kujerar mataimakin matuƙi a kamfanoni irin su Bristow da Caverton, masu kai ma'aikata rijiyoyin mai na cikin teku daga Fatakwal da Legas a jirage irin AW139 da Sikorsky S-76. Wannan kujera tana buƙatar shaidar tuƙi da na'urori idan gari ya rufe, da shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgin, da horon kuɓuta daga jirgin da ya faɗa ruwa. Kowanne da kuɗinsa.

Wani zai ce, ga aiki a ƙofar gida, me zai kai ɗanmu kudu? UNHAS hayar jirage take yi daga kamfanoni, tare da matuƙansu ƙwararru, kuma da dalili. Zafin Borno yana rage wa jirgi ƙarfin ɗaga kaya, hazon hunturu yana toshe gani, kuma a Yulin 2020 harsasai sun sami jirgin agaji a Damasak. Irin wannan fage ba wurin koyo ba ne. Wani kuma zai ce idan gwamnati ta biya makaranta ta sauke nauyinta, sauran na yaro ne. Amma Kano ta tura ɗalibai 100 Jodan koyon tuƙin jirgi a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, kuma da yawansu sun daɗe suna jiran aiki bayan dawowa. Jira kuwa asara ce, domin takardar lafiya da shaidun ƙwarewa suna da wa'adi, hannu kuma yana sanyi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a biya ko sisi, a tambayi makarantar: NCAA, hukumar sufurin sama ta Nijeriya, za ta amince da lasisinta? Kuɗin ya haɗa da shaidar na'urori da ta samfurin jirgi? Wane kamfani ne ya sa hannu zai ɗauki ɗalibanta mataimakan matuƙa? Idan babu gamsasshiyar amsa, gara a horar da mutum biyar har su hau kujera da a horar da hamsin su zauna a gida.