Tabarau Domin Idon Jirgi Maras Matuƙi: Jawabi a Taron Ƙungiya na Shekara



Dukkanmu mun kalli bidiyon hawan Sallar bara da samarinmu suka ɗauka daga sama da jirgi maras matuƙi. Sun yi ƙoƙari ƙwarai. Sai dai wanda ya lura zai ga dawakai suna tafiya a daddatse, tafkin bayan gari kuwa ya koma farin faranti, babu ruwa babu kainuwa. Da wannan bidiyo muke neman gudunmawar yashe tafkin, alhali tafkin bai fito ba. Shi ya sa na zauna na yi bincike, irin na tsohon malamin makaranta wanda bai daina tambaya ba.

Laifin na rana ne. Bidiyo hotuna ne a jere, ashirin da biyar cikin daƙiƙa guda a tsarin da muka saba. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kowane hoto ya sha haske na rabin lokacinsa, wato kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, domin abu mai motsi ya ɗan shafe kamar yadda ido ke ganinsa. To, ƙananan jirage irin su DJI Mini 4 Pro ƙofar haskensu a buɗe take wangamgam, ba ta tsukewa. Da tsakar rana kyamara ba ta da dabara sai ta riƙa ƙiftawa cikin kashi ɗaya bisa dubbai na daƙiƙa, kowane hoto ya fito a sandare. Datsewar da muka gani ke nan.

Maganinta gilashi ne mai duhu da ake kira ND, wanda ke rage haske ba tare da ya taɓa launi ba. Lissafinsa ɗan aji huɗu ma zai iya: ND8 yana barin kashi ɗaya cikin 8 na haske ya shiga, ND16 ɗaya cikin 16, ND64 ɗaya cikin 64. Da hantsi ko bayan la'asar ƙarami ya wadatar. A ranar bazara irin tamu kuwa, ND64 ma yakan gaza, sai an hau zuwa ND256. A cire shi idan magariba ta kawo jiki.

Batun tafki daban ne. A shekarar 1808 wani masani ɗan Faransa, Malus, ya gano cewa hasken da ya doki gilashi ya dawo yana kaɗawa ne ta fuska guda galibi. Haka yake a kan ruwa da ganye. Gilashin da ake rubuta wa CPL tamkar rariya yake, yana tare wannan ƙyalli, sai a ga launin ruwa na gaskiya, shuka ta yi kore shar, sama ta ƙara shuɗi. Ya fi aiki idan rana tana gefen kyamara, ba gabanta ko bayanta ba.

Amma a yi hattara. Da hannu ake murza shi kafin jirgi ya tashi, kuma da zarar jirgin ya juya, aikinsa ya sauya, har sama takan fito rabi duhu rabi haske. Saboda haka matuƙi ya tsara layin da zai bi tun yana ƙasa. Kada kuma a sa ran zai kashe ƙyallin sabon kwanon rufi, domin tsurar ƙarfe ba ta biyayya ga wannan ƙa'ida. Hazon hunturu ma kaɗan yake ragewa.

Ina roƙon kwamitin yaɗa labarai ya sayi jeri guda na gilasan nan kafin damina, lokacin da tafkin zai cika, a kuma gwada su kwana biyu kafin ranar ɗauka.